Gwanjon Kwabo, Gwanjo na Asali ko Sayen Kai Tsaye: Wanne Ya Dace da Kai a Intanet?

Tallar takan zo da hoton sabuwar kwamfutar hannu, an soke dala 500 da jan layi, a ƙasa an rubuta "an sayar a dala 30". Duk wanda ya daɗe yana tara kuɗin irin wannan kaya sai zuciyarsa ta motsa. Kuma ba lallai ne tallar ta zama ƙarya ba, mai yiwuwa da gaske wani ya ci gwanjon a dala 30. Abin da ba a rubuta ba shi ne nawa aka kashe kafin farashi ya kai nan, kuma daga aljihun su wa kuɗin ya fito.

Irin waɗannan shafuka su ake kira gwanjon kwabo, domin kowane tayi santi ɗaya kacal (kashi ɗaya cikin ɗari na dala) yake ƙara wa farashi, amma shi kansa tayin saye ake yi. Wannan rubutu na mutumin da ke son wani kaya ne takamaimai, waya ce ko talabijin ko kwamfuta, yana ta jujjuya hanyoyi huɗu a ransa: ya shiga gwanjon kwabo, ko ya yi tayi a gwanjo na asali irin na eBay, ko ya sayi sabo kai tsaye, ko ya ɗauki wanda aka gyara aka sabunta.

Ma'aunin da za mu yi awo da shi

Na farko shi ne jimillar abin da zai fita daga aljihunka, ko ka samu kayan ko ba ka samu ba. Lambar da ke kan allo ba ita ce wannan jimilla ba, a haɗa da kuɗin tayi, da kuɗin aiko da kaya, da haraji. Na biyu ƙarko: kayan sabo ne ko na hannu, akwai garanti, kuma wa za ka riƙe idan ya lalace bayan wata uku? Na uku sauƙi, wato lokaci da natsuwar da hanyar za ta ci maka. Na huɗu haɗari, shi kuma iri biyu ne: wanda wani zai jawo maka ta hanyar magudi, da wanda tsarin zai sa ka jawo wa kanka.

Gwanjon kwabo

Kafin ka taya komai sai ka sayi ƙunshin tayi. A shafukan da suka yi suna a Amurka, irin su QuiBids da tsohon Swoopo, santi 60 aka riƙa sayar da tayi ɗaya, ke nan tayi 100 dala 60 ne. Kaya kan fara daga sifili. Da zarar wani ya danna, farashi ya ƙaru da santi ɗaya, agogon da ke ƙirga lokacin rufewa kuma a ƙara masa daƙiƙa 10 zuwa 20. Wanda sunansa ke sama a lokacin da agogo ya kai sifili shi ya ci, sai ya biya farashin ƙarshe da kuɗin aike. Sauran kowa ya tafi hannu rabbana, kuma ba a mayar da kuɗin tayi.

Mu ɗauki kwamfutar nan ta dala 500 mu yi lissafi. Idan ta rufe a dala 30, an danna tayi sau 3,000 ke nan. Sau 3,000 a santi 60 ya kama dala 1,800. A haɗa da dala 30 ɗin da mai nasara zai biya, shafin ya karɓi dala 1,830 a kan kayan dala 500. Tun farashi yana dala 8 da santi 20 ya riga ya mayar da kuɗin kayansa, domin tayi 820 sun shigo. Duk abin da ya biyo baya riba ce tsantsa, alhali masu kallo suna ganin kaya bai ma fara tsada ba. Idan wanda ya ci ya danna sau 200, ya kashe dala 120 a tayi da dala 30 a farashi, ya samu kayan a dala 150, ba shakka ya yi riba. To amma sauran tayi 2,800 ɗin fa? Dala 1,680 ke nan da wasu mutane suka biya ba su samu ko kwalin kayan ba. Arahar mutum ɗaya, taron jama'a ne ya biya ta.

Gaskiya ne wani lokaci gwanjo kan rufe da wuri, shafin ya yi asara a kan wannan kaya. Irin waɗannan su ne ake sakawa a talla. Amma idan aka haɗa duka, ba shafin ke faɗuwa ba. Ned Augenblick, masanin tattalin arziki a Jami'ar California da ke Berkeley, ya bi diddigin gwanjo 166,000 na irin wannan tsari, ya gano cewa a matsakaici abin da mai shafin ke karɓa ya haura kashi 150 cikin ɗari na darajar kayan. Wato duk kayan dala 100, jama'a suna zuba fiye da dala 150 a kansa.

Ta fuskar sauƙi kuwa, wannan ita ce hanya mafi wahala a cikin huɗun, kuma mutane ba su cika lissafa wannan ba. Tayi 3,000 da ke zuwa bayan kowace daƙiƙa 10 sun kai awa takwas da minti ashirin. Ba ka san lokacin da za a rufe ba, ba wanda ya sani. Idan ka tashi shan ruwa, a wannan minti ɗin za a iya rufewa.

Ni kaina na taɓa shiga, a wani shafi da ba sai na ambaci sunansa ba. Na sayi tayi 100 da niyyar samun abin saurare na kunne, na kuma yi wa kaina alkawarin ba zan wuce tayi 30 ba. Har yau ina tuna yadda agogon yake: biyar, huɗu, uku, lambar ta koma ja, sunana yana sama, ina riƙe da numfashi, sai kawai ya tsallaka ya koma 15, sunan wani ya hau. Da na kai tayi na 30, abin da ya zo mini a rai ba "tsaya" ba ne. Cewa na yi, dala 18 ta riga ta tafi, idan na bari yanzu ta tafi a banza, ɗaya kuma santi 60 ne kawai. Haka na yi ta faɗa wa kaina har ɗarin suka ƙare. Shafin ya buɗo mini wani akwati yana tayin in ƙara sayen ƙunshi da ragi, katina kuma yana ajiye a wurinsu, dannawa ɗaya ce. Na rufe kwamfutar hannuna yana rawa. Dala 60 ba ta talauta ni ba, amma ganin yadda hankalina ya juya mini baya a cikin awa biyu ya tsorata ni ƙwarai.

Daga baya na fahimci abin da ya same ni tsohon tarko ne da masana suka daɗe da sani. Tun a 1971 wani masanin tattalin arziki, Martin Shubik, ya bayyana wani wasa da ake yin gwanjon takardar dala ɗaya, da sharaɗin cewa wanda ya zo na biyu shi ma zai biya abin da ya taya. Da zarar mutum biyu sun shiga, kowa yana ƙara tayi don kada ya zama shi ne zai biya a banza, har farashi ya wuce dala ɗayar da ake faɗa a kanta. A lokacin ba riba ake nema ba, gudun asara ake yi, kuma gudun ne ke ƙara asarar. Gwanjon kwabo wannan wasan ne aka faɗaɗa, sai dai maimakon na biyu kaɗai, kowa da kowa ne yake biya. Augenblick ma abin da ya gani ke nan a bayanansa: gwargwadon yawan kuɗin da mutum ya zuba a gwanjo, gwargwadon yadda barinsa ke yi masa wuya.

Akwai wasu ƙananan dabaru da ke ƙara zurfin ramin. Ana sa ƙunshin tayi shi kansa a gwanjo, sai ka ƙone tayi don neman tayi. Akwai manhajar da za ka ba wa umarni ta riƙa taya maka ko kana barci. Idan irin waɗannan biyu suka haɗu, sai su cinye ƙunshin masu su cikin 'yan mintuna. Sannan da yake kuɗinka ya rikiɗe ya zama "tayi 100", ba ka jin zafin fitarsa kamar yadda za ka ji da dala ce kake gani tana raguwa.

Duk wannan a shafin da ke aiki tsakani da Allah ke nan. Sai kuma a zo ga magudi, wanda a nan ya fi ko'ina sauƙin yi, domin mai kaya, da mai agogo, da mai rubuta sunayen masu tayi duk mutum ɗaya ne. Kai ba ka da hanyar sanin ko sunan da ya tsallake ka mutum ne ko manhajar mai shafin. A 2010 ofishin babban lauyan jihar Washington a Amurka ya ɗauki mataki a kan shafin PennyBiddr bisa zargin amfani da tayin bogi, a 2013 kuma ya bi ArrowOutlet da irin wannan zargi. A Japan, cikin Disambar 2012, 'yan sanda sun kama masu gudanar da wani shafi da aka tsara shi ta yadda manhaja za ta yi ta tayi har masu shiga su gaji, aka kuma gano an sa wasu fitattun mutane sun rubuta cewa sun ci kaya da araha alhali ba haka ba ne. Mafi girma shi ne ZeekRewards, wanda ya jingina da shafin gwanjon kwabo mai suna Zeekler, yana yi wa mutane alkawarin rabon riba idan sun zuba kuɗi. Hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta rufe shi a Agustan 2012, ta ce damfara ce ta dala miliyan 600 da ake biyan tsofaffin shiga da kuɗin sababbi. Mai kamfanin, Paul Burks, an yanke masa ɗaurin fiye da shekara 14.

Ko ba magudi, shafi yana iya durƙushewa. Swoopo, wanda ya faro a Jamus a 2005 da sunan Telebid kuma ya zama uban tafiyar wannan harka, ya shiga fatara a 2011. Tayin da ka saya ba ka yi amfani da shi ba, ba kuɗi ba ne a banki. Darajarsa tana nan ne muddin shafin yana numfashi. Wani abin lura, kamfanin da ya mallaki Swoopo da bakinsa yake kiran sana'arsa "sayayyar nishaɗi". Ina ganin wannan suna ya fi tallarsu faɗar gaskiya. Masu shafukan sukan ce harkar ba caca ba ce tun da akwai dabara a ciki. Ni dai a ganina, duk inda za ka sa kuɗin da ba ya dawowa, sakamako kuma ya rataya a kan abin da ba ka iya sani, sunan da aka ba shi bai canza kamanninsa ba.

Batun ƙarko shi ne inda gwanjon kwabo bai da laifi sosai: yawanci kayan sababbi ne a kwalinsu. Sai dai a duba ko sanannen kamfani ne ya ƙera, domin wasu shafuka kan cika da kayan da ba a san sunansu a ko'ina ba, an manna musu farashi mai tsada don ragin ya yi kama da babba. Ƙungiyar Truth in Advertising, mai sa ido kan tallace-tallacen yaudara, ta kai irin wannan ƙorafi a kan shafin gwanjon kwabo na DealDash gaban hukumar kare masu sayayya ta Amurka a 2017.

Akwai wani sassauci da ya kamata a yi wa adalci. Wasu shafuka suna ba wanda bai ci ba damar sayen kayan a cikakken farashi, sai a cire masa abin da ya kashe a tayi, ko a mayar masa da tayinsa. Wannan yana rage asara da gaske, amma da sharaɗi biyu. Dole ka kasance kana da cikakken kuɗin kayan tun farko kuma ka shirya biyan sa. Dole kuma farashin da shafin ya rubuta ya zama daidai da na sauran wurare. Idan sun ce dala 500 alhali ana samun sa a dala 420, to wannan "ceto" dala 80 ya ci maka. Inda kuma tayi ake mayarwa ba kuɗi ba, an dai sake zaunar da kai ne a gaban agogon.

Gwanjo na asali

A eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, tayi kyauta ne. Za ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, tsarin ya riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan daidai yadda za ka ci gaba da zama a sama, ba zai wuce iyakarka ba. Idan ka ci, ɗan abin da ya ɗara tayin na biyu za ka biya. Idan an fi ka, ko santi ɗaya ba ka yi asara ba. Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan duk kwatancen nan. Lokacin rufewa kuma yawanci a ƙayyade yake, shi ya sa gwanaye kan jira sai daƙiƙun ƙarshe su jefa tayinsu. Abin yana da ɓacin rai idan aka yi maka, amma ɓacin rai ne kawai, aljihunka lafiya lau.

Rauninsa a wajen kaya yake. Da yawa na hannu ne, daga mutumin da ba ka sani ba, hoto da bayani kaɗai ka gani, kusan cinikin biri a sama. Batirin waya yana iya zama ya gaji, garantin kamfani ya ƙare, ko kayan ya zama jabu. Abin da ke rage wannan shi ne tarihin mai sayarwa da kowa ke iya karantawa, da tsarin mayar da kuɗi idan kaya bai iso ba ko ya saɓa da bayaninsa, muddin ka kai ƙorafi cikin wa'adi kuma ka biya ta cikin shafin. Duk mai sayarwar da ya ce ku koma gefe ka tura masa kuɗi kai tsaye, ka rabu da shi. A nan ma ana samun mai sa abokinsa ya yi tayin bogi don ɗaga farashi, ko da yake dokar shafin ta hana. Amma mai shafin da mai kaya ba mutum ɗaya ba ne, kuma iyakar da ka sa tana tsare ka. Ka tuna tayi alkawari ne, idan ka ci sai ka biya, ka kuma haɗa kuɗin aike da na kwastan kafin ka rubuta iyakarka.

Sabo kai tsaye

Ba dogon bayani a nan. Shi ya fi tsada a ido, shi ya fi kwanciyar hankali. Ka san farashi, ka san ranar isowa, kana da garantin kamfani. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta ba mai sayayya ta intanet kwana 14 ya fasa ya mayar da yawancin kaya ba tare da ba da dalili ba. Mai haƙuri kuma yana iya jiran lokutan ragi, ko fitowar sabon samfuri, lokacin da na bara kan sauko.

Wanda aka gyara aka sabunta

Wannan ita ce hanyar da na ga mutane sun fi mantawa da ita, alhali ita ce ta fi kusa da abin da mai shiga gwanjon kwabo yake nema: kaya mai kyau a ƙasa da farashinsa. Kaya ne da aka mayar ko aka yi amfani da shi, aka duba, aka canza abin da ya lalace, aka sake sayarwa da garanti. Apple yana ba wa nasa garantin shekara ɗaya kamar sabo. Back Market, shafin sayar da kayan da aka sabunta wanda aka kafa a Faransa a 2014, shi ma aƙalla shekara ɗaya yake bayarwa. Ragin ba zai kai na talla ba, ba za ka samu kayan dala 500 a dala 30 ba, amma ragin naka ne tabbas, ba sai ka kayar da kowa ba. Abin dubawa shi ne wa ya yi gyaran, kamfanin da ya ƙera ne ko wani daban, da lafiyar batiri, da tsawon garanti a rubuce. Kalmar "an sabunta" ba tare da garanti ba, kayan hannu ne kawai aka goge.

| Hanya | Abin da za ka kashe | Idan ba ka samu ba | Ƙarko da garanti | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gwanjon kwabo | Ba a sani ba sai an gama | Kuɗin tayi ya tafi | Yawanci sabo | Awanni a gaban allo | Asara, tayin bogi, kasa dainawa |
| Gwanjon kwabo mai damar saye | Har zuwa farashin shafin | Ka saya cikakke ko ka yi asara | Yawanci sabo | Awanni a gaban allo | Farashin da aka kumbura |
| Gwanjo na asali | Bai wuce iyakarka ba | Ba asara | Ya danganta da mai kaya | Ka sa iyaka ka jira | Kaya ya saɓa da bayani |
| Sabo kai tsaye | Mafi yawa, amma sananne | Babu wannan | Cikakken garanti | Mintuna | Shagon bogi |
| Wanda aka sabunta | Ƙasa da sabo, sananne | Babu wannan | Garanti, tsawonsa ya bambanta | Mintuna da ɗan bincike | Gyara mara inganci |

Wace hanya ce ta wa?

Idan kayan na aiki ne ko karatu, kuma kuɗin da ke hannunka shi ke nan, kada ka kusanci gwanjon kwabo ko da tayi ɗaya. Kai ne wanda tallar ta fi ja, kai ne kuma asarar za ta fi yi wa ciwo, domin duk dalar da ta tafi a tayi ta fita ne daga kuɗin kayan. Nemi wanda aka sabunta mai garantin shekara.

Idan kyauta za ka yi, ko kana buƙatar kayan a rana takamaimiya, ko ba ka son ciwon kan mayarwa, sayi sabo daga shagon da aka sani.

Idan ka san kayan ciki da bai, ka iya karanta hoto da tarihin mai sayarwa, ko abin da kake nema an daina ƙera shi, gwanjo na asali naka ne. Rubuta iyakarka sau ɗaya, tun hankalinka yana kwance, kada ka ƙara ta a mintin ƙarshe.

Idan ka riga ka yanke shawarar sayen wani kaya a cikakken farashi, kuɗin yana hannu, ka kuma tabbatar farashin shafin bai ɗara na sauran wurare ba, to gwanjon kwabo mai damar saye shi ne kaɗai yanayin da lissafi bai juya maka baya gaba ɗaya ba. Karanta sharuɗɗan kafin ka sa lambar kati, musamman ko rajistar "kyauta" tana cire kuɗin ƙunshi da kanta, da ko tayi yana da ranar mutuwa. Biya ta hanyar da za ka iya kai ƙorafi a dawo maka da kuɗi, kada kuma ka bar katinka a ajiye a shafin.

Wanda kuwa ya san ya taɓa fama da caca ko fare, ko imaninsa ya hana shi su, ko ya taɓa jin wannan murya mai cewa "ɗaya dai, na ƙarshe", to sauran hanyoyi ukun sun ishe shi. Idan kuma wani shafin gwanjo ya zo maka da tayin ka zuba jari a riƙa raba maka riba kullum, ko ka kawo mutane a ba ka kaso, wannan ya fita daga batun sayayya, hanyar ZeekRewards ce, rufe shafin kawai.